Irin Hatsin da Kaka Ta Ba Ni Ajiya

Shekaranjiya da hantsi ina zaune bakin ƙofar ɗakina, nan Dogon Dutsi gidan ɗana, sai na ji wata ƴar murya daga wajen randa tana cewa, "Kaka, ba ki ganina." Na waiga. Ɗan jikata ne, wanda aka yaye bara. Yana tsaye a fili, rana na dukan tumbinsa, ya rufe idanu da tafukan hannu biyu. A wurinsa ya ɓuya ke nan. Tunda shi ba ya gani, duniya ma ba ta gani. Matan gida suka yi ta dariya. Ni ban yi ba. Ba don abin bai kai na dariya ba, a'a, muryar ce ta ɗauke ni ta kai ƙauyenmu, can bayan Dogon Kiriya, ta dire ni a wata tsakar gida da yau ko dangarta ba ta rage ba.

Bari in faɗa maka waɗanda ke wurin a ranar. Akwai kakata, uwar babana, zaune kan ƴar kujerarta ta jingina da bango, tana tarin nan nata da ba ya ƙarewa. Akwai innata, durƙushe tana tsiyaye ruwan anza. Akwai ƙanen babana, wanda muke kira Baba Ƙarami, kishingiɗe kan tabarma a inuwar zana. Sai ƙanena, da bai wuce shekara huɗu ba, sai ni, na yi famfara, haƙoran gaba sun zube sababbi ba su fito ba. Babana ya ƙetare iyaka ci-rani tun bayan girbi. Matar Baba Ƙarami kuwa ta tafi gidan iyayenta da jinjirinta, don can sun ɗan fi mu abin kaiwa baki. Mu ke nan.

Shekarar ba ta yi kyau ba. Ruwa ya ɗauke hatsi yana da ciki, abin da muka samu bai kai mu ƙarshen sanyi ba. Muka koma ga anza. In ba ka san ta ba, ƴaƴan wani ɗan icce ne na daji, masu ɗacin da ko akuya sai ta yi tunani. A jiƙa, a zubar da ruwa, a sake jiƙawa, kwana da kwanaki, kafin ta yarda a ci ta. Har yau in na ji warin ruwan da ya kwana cikin tukunya, sai in kau da kai.

Amma akwai hatsi a gidan, kowa ya sani. Iri ne. A wurinmu ranar girbi tsofaffi kan bi dami suna zaɓar zangarniyar da ta fi tsawo da cika, a ware ta gefe, ita za a shuka baɗi. A gidanmu ajiyar iri ta kaka ce, tun zamanin mijinta. Ba mai taɓawa, ba mai tambaya. To, yunwa ba ta san ta ido ba. Baba Ƙarami ya fara magana, da farko cikin raha, daga baya raha ta fita. Yakan ce, "Iya, wanda ya mutu da rani ba ya shuka da damina." Kada ka ɗauke shi mugu. Shi ne mai ɗaukar ƙanena a wuya in yana kuka, ya zagaya da shi gari har ya yi barci. Tausayi ne ya yi masa yawa, kuma tausayi a shekarar yunwa yana cinye gida kamar gara.

To, ranar da nake ba ka labari, aka kira azahar, Baba Ƙarami ya tashi, ya tura battar tabarsa ƙarƙashin bakin tabarma inda ya saba, ya fita. Ƙafarsa ba ta gama barin zaure ba kaka ta miƙa sandarta ta jawo battar, ta kife ta da wani ƙoƙo da ke kusa da ita. Duk a kan idonmu, ni da ƙanena. Sai ta yafito shi.

"Zo nan, maigidana, kai da ba ka kawo cefane. In babanka ƙarami ya dawo, ina zai kai hannu ya nemi tabarsa?"

Ƙanena ya nuna ƙoƙo, yana tsalle.

"Ke fa, mai giɓi?"

Na ce, "Ƙarƙashin tabarma."

"Don mi? Ba ga ta cikin ƙoƙo ba?"

Na ce, "Ai shi bai ga kin ɗauke ba."

Ta ci gaba da tarinta. Da Baba Ƙarami ya dawo ya laluba bakin tabarma bai ji komai ba, ya ɗaga ta, ya kakkaɓe, ya fara rantse-rantse. Kafin ya yi rantsuwa ta biyu ƙanena ya ruga ya buɗe ƙoƙon yana ihu, "Ga ta! Kaka ta sace!" Kowa ya kwashe da dariya, har innata da ta daɗe ba ta yi ba. Baba Ƙarami ya ce, "Iya, tsufa ya kai ki satar taba?" Ta ce, "Na ga ko ka san inda kayanka suke, kai mai son sanin inda nawa suke." Ni ina gefe, ban buɗe baki ba. Da na ɗaga kai na ga ba shi take kallo ba, ni take kallo.

Kowa ya ɗauka wasa ne. Sai da na girma na haɗa maganganunta da na riƙa ji tana yi wa innata, na gane awo ta yi mana.

A ƙauyenmu kowa da inda yake cewa hankalin yaro ke fitowa. Baba Ƙarami ya ce daga bakin tsumagiya, ko da yake ban taɓa ganin ya ɗaga ta ba. Liman ya ce in yaro ya kai a umarce shi da salla, to hankali ya fara. Tsofaffin da ke zuwa Lugu, garin masu bori, sukan ce wani yaron iskoki ne ke riƙe masa kai, sai an roƙe su su saki. Kaka ba ta musu da kowa, ita dai tana da nata. Takan ce yaro ƙwarya ne. Jinjiri ɗanyar ƙwarya, ba ta riƙe komai: abin da ya ɓace wa idonsa ya bar duniya, shi ya sa in uwarsa ta shiga ɗaki yake tsala kuka kamar an yi mutuwa. Yayayye busasshiyar ƙwarya, a zuba ta riƙe, amma ba faifai a kanta. Kowa ya gitta ya leƙa, kuma shi a zatonsa abin da ke cikinsa yana cikin kowa. Sai ranar da Allah ya ɗora masa faifai, ya gane cikinsa daban, cikin wani daban. Ta ce faifan nan ba a jikin zanen uwa ake saƙa shi ba, a dandali ne, cikin ƴan'uwa yara, inda za a cuce ka yau ka yi kuka, gobe ka gane yadda aka yi. Ba ta ƙidaya wa yaro shekara. Kallonsa take yi. Kuma takan ƙara da cewa faifan da ke rufe amana shi ne ke rufe ƙarya, saboda haka ranar da yaro ya samu nasa, ranar ce ya kamata babba ya ƙara buɗe ido.

Bayan ƴan kwanaki mutanen gida suka tafi daji cirar anza, har da ƙanena a wuyan Baba Ƙarami. Kaka ta ce a bar mata ni in riƙa ba ta ruwa. Da gari ya yi tsit, rana ta take, ta sa na jawo wasu goruna daga ƙarƙashin gadonta. Ashe ta daɗe da sussuke irin kaɗan-kaɗan, ta gauraya shi da toka saboda ƙwari, ta ɗura, ta liƙe bakin kowace gora da laka. Ta kai ni gindin rufewarmu, rumbun ƙasar nan da ke zaune kan duwatsu. Tsakaninta da ƙasa ba mai shiga sai kaza da yaro. Na shiga da jan ciki. Ta riƙa turo min gorunan da sanda, ina tona rairayi da tsingaro ina binnewa, ina yayyafa toka kamar yadda ta ce. Da na fito ta kakkaɓe min jiki da kanta, ta share sawuna da tsintsiya.

Sai ta kama kunnena, ba da ƙarfi ba.

"Ubanki ba shi nan. Uwarki ba ta iya jin kukan ɗanta ta san da hatsi a gida, kuma ban ga laifinta ba. Babanki ƙarami kuwa kin san shi. Ni ƙirjin nan ba lalle ya kai ni damina ba. Saura ke."

Na ce, "Yaushe zan faɗa?"

"In an yi ruwa, ki tura hannunki cikin ƙasar gona. In danshi ya tsaya a yatsu, ruwan ƙarya ne, ki riƙe bakinki. In ya kai gwiwar hannu, ki fiddo."

Ba ta tsaya nan ba. Ta rage gora guda, ƙarama. Washegari ta kira ƙanena ɗakinta, ta binne ta a bayan ƙofa yana kallo, ta ce masa, "Maigidana, kada ka gaya wa kowa." Ta san abin da take yi. Ka ce wa mai shekara huɗu kada ya faɗa, ka aike shi ke nan. Kafin la'asar ya gaya wa innata, ya gaya wa Baba Ƙarami, ya gaya wa tunkiyar maƙwabta. Baba Ƙarami ya tono gorar. Ya ce, "Iya, shi ke nan duka?" Ta ce gara ta ci saura, ta juya fuska bango. Aka wanke tokar, aka daka, aka yi kunu. Na sha nawa ina kallon ƙasa. Daga ranar ba wanda ya ƙara neman iri, tunda kowa ya san an cinye shi.

Kaka ta rasu cikin bazara, lokacin da zafi ke sa dutse ya yi wari. Ba ta ƙara yi min maganar ba, ko sau ɗaya. Ana fita da ita na tsaya jikin rufewa, na ji kamar an ɗora min turmi a ka.

Abin da ya biyo baya shi ne ba na son tunawa. Ƙanena ya daina tsalle. Gashinsa ya yi ja ya yi laushi, ƙafafunsa suka zama kara. Kukansa ma ya sauya, ya koma wani ɗan gunji kamar na ɗan akuya da aka raba da uwa. Innata takan bi gidajen tururuwa tana tonawa, ta sheƙe abin da suka tara, ta dawo da abin da bai cika tafi ba. Wata rana ƙanena yana kwance a cinyata ya ce, "Yaya, in na yi barci tuwo zai zo?" Na ce zai zo. Daga inda nake zaune ina hangen duwatsun gindin rufewa. Taku kaɗan ne. Na san in na buɗe baki, kafin magariba hayaƙi zai tashi a murhunmu, ya ci ya ƙoshi. Na kuma san in an buɗe gora ɗaya, sauran ba za su ga damina ba. Ban san yadda yarinya mai giɓi ta riƙe abu biyun nan a kai ɗaya ba. Na dai riƙa rage rabona na anza ina tura masa, in ya tofar in sake turawa.

Babana ya dawo da ɗan buhun dusa da garin rogo, abin da ƙarfinsa ya samo ke nan. Da aka gaya masa uwarsa ta rasu kuma iri ya ƙare, ya zauna bakin zaure har aka kira salla. Kwana kaɗan bayan haka hadari ya haɗu, aka yi ruwa, ƙasa ta yi ƙamshi. Gari ya ruɗe, masu ɗan iri suka fita da sungumi. Babana yana tsaye yana kallonsu, hannunsa a baya. Na zame na tafi bakin gonarmu na tura hannu. Danshi bai wuce yatsuna ba, ƙarƙashinsa rairayi busasshe mai zafi. Na dawo na zauna. Wannan shirun ya fi na farko wuya, don yanzu ga ubana, babba, mai gona, kuma ni ce na san abin da bai sani ba. Waɗanda suka yi shuka a ruwan nan, hatsinsu ya tsiro, rana ta ƙone shi.

Jikata, uwar yaron nan mai ɓuya da tafin hannu, malama ce a lakwal, makarantar boko, ƙananan yara take koyarwa. Na taɓa ba ta labarin. Ta saurara har ƙarshe, sannan ta ce a karatunsu ma an gaya musu hankalin yaro hawa-hawa yake zuwa, kuma akwai awo mai kama da na batta da ƙoƙo. Amma ta ce yaro yakan gane cikin wani daban da nasa tun kafin famfara, yana ɗan shekara huɗu ko biyar. Na yi mata musu a ranar. Daga baya na zuba ido kan yaran unguwa, na ga da gaskiyarta, wasu tun ba su iya ɗaura zane ba sun iya ɓoye alewa. Sai dai gane abu daban, riƙe shi da yunwa a ciki daban. Wannan kuma ita ta yarda.

Inda muka rabu shi ne da ta ce, "Kaka, kayan nan ya fi ƙarfin wuyanki. Ba a ɗora wa yarinya irinsa. Da ƙanenki ya mutu fa?" Na daka mata tsawa, na ce ba a yi wa manya wannan tambaya. Bai mutu ba. Yana nan da farin gemunsa, kuma har gobe in kana son magana ta zaga gari, gaya masa ka ce sirri ne. Da ya mutu, ban san wace irin mace zan zama ba. Ko da bai mutu ba, ƴaƴana suna cewa ba su taɓa ganin haƙorina a waje ba sai in ina cin goro. Wataƙila a ƙarƙashin rufewar nan na baro dariyata. Kaka ta auna ta ga zan iya ɗauka, kuma na ɗauka. Ko ta auna abin da ɗaukar za ta ci mini, wannan tsakaninta da Allah.

Yanzu zamani ya sauya. Iri a kasuwa ake saye, cikin leda. Yaro takarda ce ke faɗin ya isa ko bai isa ba, ba idon kakarsa ba, don kakar ma tana wani gari. Yaran yau faifansu da wuri yake zuwa, na gani, ɗan mitsitsi ya kulle wayar uwarsa ita kanta ta kasa buɗewa. Amma su ɓoye wa manya suke yi. Ba wanda ke ba su ajiyar da gida zai rayu a kanta. Wani lokaci in ce an lalata su. Wani lokaci in ce an hutar da su, kuma alhamdu lillahi da ba a buƙata. Ban tsaya kan ɗaya ba.

Ruwan gaskiya ya zo ne da wata la'asar. Ya zuba har kwari ya cika, kwaɗi suka fara. Da ya tsagaita na ruga gona, na durƙusa na tura hannu, ya shige har gwiwa yana sanyi. Na dawo na tarar da babana da Baba Ƙarami suna shawarar ƙauyen da za su bi roƙon iri, kowanne ya ambata ɗayan ya ce su ma ba su da shi. Duhu ya riga ya shiga, ƙarƙashin rufewa kuwa bayan ruwa gidan kunama ne. Na bar su.

Da gari ya waye, na kwanta na shige ƙarƙashin rufewar. Na turo gora ta farko waje. Na ji innata ta saki abin da ke hannunta. Na turo ta biyu, na turo ta uku, har suka ƙare. Da na fito, jikina duk toka da kashin kaji, babana ya riga ya fasa bakin ɗaya, hatsi na zuba a tafinsa, yana ta salati. Baba Ƙarami ya zauna daɓas a ƙasa ya rufe fuska da hularsa, ya ce, "Iya, kin gama da ni." Ban sani ba ko dariya yake ko kuka.

Innata ba ta dubi hatsin ba. Ta dubi ƙanena da ke jingine da turmi, ta dube ni.

"Duk kwanakin nan kin sani?"

Na ce, "Na sani."

Ta daɗe tana kallona, kallon da ba ta taɓa yi min ba, irin wanda mace ke yi wa mace. Ba ta yaba ba, ba ta zaga ba. Ta shiga ɗaki ta ɗauko ƙoƙon shuka na manya ta cika ta miƙo min.

Muka fita gona. Maza na gaba suna sara da sungumi, ni da innata muna biye, mu jefa iri mu rufe da diddige. Ƙanena ya biyo ni a hankali, yana riƙe da bakin zanena, ya miƙo hannu. Na tsaya na hure tokar, na cika masa tafi, ya watsa a baki yana tauna ɗanye. Ya sake miƙowa. Na ce, "A'a, wannan na ƙasa ne." Na ɓamɓare yatsunsa daga zanena, na bi layina.